Jatan Lande Cikin Kwalbar Da Ba Ta Da Baki

Daga Mubi

A kowace kasuwa ta ƙasar nan, tun daga babbar kasuwar Mubi har zuwa ta Sabon Gari a Kano, akan iske masu kayan miya sun tsiba busasshen jatan lande a faranti, wanda mata suka fi sani da sunan kirafish. Daga bakin teku ake kawo shi, musamman daga wajen Oron ta Jihar Akwa Ibom, kuma mutane da yawa a Arewa sun yi shekara da shekaru suna cinsa cikin miya ba su taɓa ganinsa da rai ba. To, a wasu ƙasashe akwai wani ɗan'uwansa ɗan ƙarami, ja wur kamar gauta, wanda ba a kai shi tukunya. Shi ajiye shi ake yi a falo ko a ofis don kallo, kamar yadda yaro yake ajiye kanari.

Ajiye shi ɗin ba shi ne abin magana ba. Abin magana shi ne irin ɗakin da 'yan kasuwa suka yi masa, watau ƙwallon gilashi wanda aka narke bakinsa aka liƙe, ba ƙofa ba taga, ba a zuba abinci, ba a sake ruwa, har ranar da abin da ke ciki ya mutu. Yanzu da wayar hannu ta kai hotunan irin waɗannan kwalabe kowane lungu, har matasa suna sha'awar kwaikwayo da ruwan kududdufi da tsohuwar kwalba, ya kamata mai karatu ya san asalin al'amarin da kuma haƙƙin da ke rataye da shi.

ASALIN DABBAR

Gidan wannan jatan lande shi ne tsibiran Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik, waɗanda suka zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959. Mutanen tsibiran suna kiransa opae ula, ma'ana jan jatan lande. Wani masani mutumin Holan, Lipke Holthuis, shi ya bayyana shi ga duniyar ilmi a 1963 da sunan Halocaridina rubra. Tsawon babbansa bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba, watau kamar ƙwayar shinkafa biyu a jere.

Wurin zamansa abin al'ajabi ne. Tsibiran Hawai duwatsu masu aman wuta suka haife su, saboda haka ƙasar bakin teku baƙin dutse ce mai ramuka da tsaguwa, kamar soso. Ruwan teku yana kurɗawa ta ƙarƙashin ƙasa, ruwan sama kuma yana gangarowa daga tudu, sai su haɗu cikin ramukan su zama ruwan zartsi. Inda dutse ya lotsa sai ruwan ya bayyana kamar 'yar rijiya ko ƙaramin tafki. A ido waɗannan tafkuna ba su da wata hanya zuwa teku, amma in teku ta ciko sai su cika, in ta janye sai su ragu. Akwai ɗaruruwan irinsu a Hawai, mafi yawa a babban tsibirin.

Cikin waɗannan ramuka jatan landen yake kai da kawowa. Ya fito sarari ya kankare gansakuka da ƙananan ƙwayoyin halitta daga jikin dutse, in ya ga haɗari ya nutsa cikin tsaguwa, ya bi duhu ya ɓullo a wani tafkin. Irin wannan zama ya koya masa juriya wadda ba kowace dabbar ruwa ke da ita ba. Yana jure ruwan da gishirinsa kaɗan ne, yana jure wanda ya kai na teku. Yana jure ƙarancin iskar shaƙa, yana kuma iya daɗewa ƙwarai ba tare da abinci na kirki ba. Masu kiwonsa sun shaida yana haura shekara 10 a hannunsu, wasu ma sun ce yana kusantar 20, alhali yawancin ƙananan jatan lande ba su wuce shekara ɗaya ko biyu. Masunta na Hawai tun kaka da kakanni sukan kwashe shi su watsa a teku don kiran wani kifi da suke ce wa opelu, kuma sukan kula da tafkunan kamar yadda ake kula da rijiyar unguwa.

Wannan juriya ita ce ta jawo masa.

YADDA AKA LIƘE KWALBAR

Tunanin rufe mai rai cikin gilashi tsoho ne. A 1771 wani Bature na Ingila, Joseph Priestley, ya lura cewa in aka kife gilashi a kan kyandir sai ya mutu, iskar ciki kuma ta ɓaci har ɓera ba ya iya rayuwa a cikinta. Amma in aka sa reshen na'a-na'a a ciki aka bar shi kwanaki, sai iskar ta gyaru. Daga nan aka fara gane cewa tsiro da dabba musayar numfashi suke yi: abin da wannan ya fitar shi wancan yake bukata.

A 1968 wani malamin Jami'ar Hawai, Clair Folsome, ya ɗebo ruwan teku da laka ya zuba cikin kwalabe ya liƙe, ya ajiye inda haske ke samunsu. Ƙananan halittun da ba a gani sai da madubin likita suka ci gaba da rayuwa a ciki shekaru da yawa. Daga baya wani masani mai suna Joe Hanson, wanda ke aiki a wata cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, a Jihar Kalifoniya, ya ƙara jatan landen Hawai a cikin irin wannan kwalba, ya ga ya rayu. Abin da hukumar take nema a lokacin shi ne hanyar da 'yan sama jannati za su yi doguwar tafiya iska da abinci suna sabunta kansu. A 1983 wasu 'yan kasuwa suka karɓi fasahar, suka kafa kamfani a garin Tucson na Jihar Arizona, suka shiga sayar da ƙwallon da sunan EcoSphere.

Ga abin da ke cikinsa: ruwan gishiri da aka tace, da iska kaɗan a sama, da 'yan tsakuwa, da ƙashin wata halittar teku mai kama da busasshen reshe, da zaren gansakuka, da ƙwayoyin bakteriya, sa'an nan jatan lande 'yan ƙalilan. Ƙaramin ƙwallon bai fi girman babban lemo ba. Lissafin masu yin sa kuwa mai sauƙi ne. Haske ya shiga, gansakuka ta yi girma ta ba da iskar oksijin. Jatan lande ya shaƙi iskar, ya ci gansakuka da bakteriya, ya fitar da iskar kabon da kashi. Bakteriya su narkar da kashin ya koma taki, gansakuka ta sha takin, haka dai abin ke zagayawa. Ba abin da ke shiga sai haske da ɗumi.

Dabarar ta burge manya. Mashahurin masanin taurari Carl Sagan ya sami guda ta gidan waya, ya yi rubutu a kanta cikin shekarun 1980, inda ya ja hankalin jama'a cewa duniyar da ɗan Adam yake ciki ita ma rufaffen ƙwallo ce, hasken rana kaɗai ke shigo mata daga waje. Wannan darasi gaskiya ne, ba mai musunsa. Sai dai wanda ya biya kuɗin makarantar ba a tambaye shi ba.

INDA LISSAFIN YA KARKACE

Su kansu masu sayarwa sun faɗa cewa galibi jatan landen yakan yi shekara 2 zuwa 3 a ciki, ko da yake akan sami wanda ya wuce haka nesa. Sun kuma yarda cewa da wuya ya hayayyafa a wurin. Mai karatu ya auna: dabbar da ke haura shekara 10 a akwati mai buɗaɗɗen baki, tana ɗaukar ƙwai tana ƙyanƙyashewa, ita ce ke ƙarewa a shekara 2 ko 3 ba magaji. Kowane makiyayi da ke kawo shanu kasuwar Mubi ya san ma'anar garken da ya daina haihuwa, ba sai an kira masa likitan dabbobi ba.

Dalilan a fili suke. Na farko, abinci. Ɗan ruwan da bai cika kwanon sha ba ba zai fitar da gansakukar da za ta ƙosar da su ba, kuma wani kashi na takin yakan maƙale inda ba ya komowa cikin zagayen. Jatan lande dabba ne mai ɓawo, tilas ya yi saɓa kamar maciji kafin ya ƙara girma. Masu kiwonsa da suka daɗe suna sukar wannan ciniki sun ce na cikin ƙwallo yana yin saɓar, amma maimakon ya ƙaru sai ya riƙa ƙanƙancewa, jan jikinsa yana kodewa, domin jikinsa yake ci.

Na biyu, ƙazantar ruwa. Duk mai kiwon tarwada a tanki, a Mubi ko a Yola, ya san warin da ruwa ke yi in an yi jinkirin sakewa. Wannan wari na gubar amoniya ne da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Maganinsa a sake ruwa. A cikin ƙwallon gilashi kuwa, in ɗaya ya mutu gawarsa nan za ta ruɓe tare da sauran, in bakteriya sun kasa shanye gubar ba wanda zai kawo ɗauki.

Na uku, zafi da haske. Haske in ya yi yawa gansakuka ta yi yawa, ruwan ya sake hali. In ya yi kaɗan iska ta ƙare. Masu ƙwallon sun yi gargaɗi kada a bar shi a rana, kada kuma zafi ya wuce kamar digiri 27. To, a Mubi cikin watannin Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40, ga wutar lantarki ba ta da tabbas balle a dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙwallon da ya yi shekara 2 a ofis mai sanyi a Amurka, a nan yana iya zama tukunya cikin yini guda.

Masu goyon bayan abin suna da tasu hujja, kuma adalci ne a ji ta. Sun ce a cikin gilashi ba kifin da zai haɗiye shi, sun ce dabba ce da ta saba da duhu da ƙunci da yunwa tun a gida, sun kuma ce yara da yawa sun fahimci yadda duniya ke tafiya ta wurin kallonsa. Amsar wannan hujja tana nan kusa, cikin fadamun ƙasar Adamawa da Borno.

DARASIN GAIWA

Duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san gaiwa. Idan rani ya yi, kududdufi ya ƙafe, rafuka irin su Yadzaram da ya ratsa Mubi suka koma rairayi, sauran kifaye sukan mutu ko su gudu. Gaiwa ita kuwa sai ta tona taɓo ta shige, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da zai bushe ya zama kamar jaka. Tana da huhu, saboda haka iska take shaƙa. Nan za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta, abin da ya sa Bahaushe ya ce gaiwa jikinta take ci. Masana sun taɓa ajiye ta cikin busasshen taɓo fiye da shekara 3, da aka zuba ruwa ta farfaɗo.

Amma ko mahaukaci bai taɓa cewa gaiwa ta fi son busasshen taɓo ba. Ba mai kiwon kifi da zai ce tun da tana iya shekara ba abinci, bari a binne ta a tukunya a ajiye a falo don baƙi su yi mamaki. Kowa ya san wannan haƙuri na jiran damina ne. Abu biyu take dogara da su: 'yar ƙofar da ta bari a saman ramin don iska, da kuma ruwan sama da zai zo ya sake ta.

Haka juriyar jatan landen Hawai take. An yi masa ita don ya tsallake mawuyacin lokaci, ya jira teku ta ciko da sabon ruwa, ko ya bi ta ƙarƙashin dutse ya koma inda abinci yake. Mai ƙwallon gilashi ya ɗauki ranin ya ba shi, ya hana shi daminar. Ko 'yar ƙofar da gaiwa ke bar wa kanta an narke ta da wuta. An ga yana da haƙuri, sai aka mai da haƙurin nasa haja. Da kifi ne mai saurin mutuwa da ba a soma wannan ciniki ba, domin mai saye zai komo da kayan cikin mako guda.

KO YANA JIN CIWO?

Wani zai ce ina ruwan mutum da ɗan ƙwaron da ake auna dubbansa da gwangwani a kasuwa? Tambayar tana da nauyi, kuma masana sun daɗe a kanta. A 2008 Farfesa Robert Elwood da abokan aikinsa a Jami'ar Queen's da ke Belfast suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun shafa ruwan tsami mai zafi a ɗaya daga cikin dogayen gashin da jatan lande ke shinshina da su, sai suka ga yana ta shafar daidai wurin, yana goga shi a jikin gilashi har tsawon mintoci. Waɗanda aka fara shafa musu maganin kashe zafi kuwa ba su damu haka ba. A 2010 wasu masana a Amurka suka gwada da wasu iri dabam, ba su ga haka ba, saboda haka gardamar ba ta mutu ba.

Sai a watan Nuwamba na 1921 da ɗari, watau 2021, wani kwamitin masana a ƙarƙashin Jonathan Birch na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan ya duba bincike fiye da 300, ya ba gwamnatin Ingila shawara cewa hujjojin sun isa a ɗauki ƙaguwa da jatan lande da danginsu a matsayin masu ji a jika. A 2022 majalisar ƙasar ta sa su cikin dokar da ta amince da hakan. Hujjar ta fi ƙarfi a kan ƙaguwa, ta fi sauƙi a kan ƙananan jatan lande, amma ba a wofintar da ita ba.

Mai hankali ba ya jiran a gama gardama kafin ya ɗauke ƙafarsa daga kan abin da yake zaton yana da rai. Kuma akwai bambanci tsakanin kama dabba don ci, wanda bukata ce kuma wahalarsa gajeriya ce, da tsare ta shekaru tana ramewa don ado kawai.

DA MUTANE NE A CIKI

A nan Arizona ɗin, kamar mil 30 daga inda aka riƙa yin ƙwallon, an taɓa gwada irin wannan da 'yan Adam. A garin Oracle aka gina wani makeken gidan gilashi mai faɗin fiye da eka 3, aka sa masa suna Biosphere 2, aka shirya masa gona da kurmi da hamada da ƙaramar teku. Ran 26 ga Satumba, 1991, maza 4 da mata 4 suka shiga aka rufe, da niyyar su yi shekara 2 ba abin da zai shiga ko ya fita.

Ba a yi mako biyu ba ɗaya daga cikin matan, Jane Poynter, ta datse yatsa a injin sussuka, aka buɗe ƙofa aka kai ta asibiti. Abincin gona bai wadace su ba, duk suka rame. Ƙwarin da ke barbarar furanni suka mutu, tururuwa da kyankyasai suka cika wuri. Mafi muni, iskar oksijin da ta kamata ta tsaya kusan kashi 21 cikin 100 ta yi ta raguwa har ta kai wajen kashi 14, mutane suna haki in sun hau matakala, barci ma yana gagara. Daga baya aka gano ƙwayoyin halittar cikin ƙasar gonar ne ke shanye ta, simintin ginin kuma yana tsotse iskar kabon ɗin da tsirrai za su mayar. A watan Janairu na 1993 shugabannin aikin suka sa aka tura oksijin daga waje.

An zarge su da ɓata gwaji, amma ba wanda ya ce da sun bari mutanen su mutu. Ga miliyoyin daloli, ga manyan masana, ga na'urori, duk da haka lissafin ya kuskure, abin da ya ceci rayuka shi ne akwai ƙofa, akwai kuma mai tsaye a bakinta. Ƙwallon da ke kan tebur an gina shi bisa irin wannan lissafi, da ɗan ruwan da bai kai moɗa biyu ba, aka kuma cire ƙofar da gangan.

AMANAR MAI TSAREWA

Mutanen ƙasar nan ba baƙi ba ne wajen tsare dabba. Ragon layya a turke yake wata da watanni. Kaji suna kwana a akurki, tantabaru a ɗakinsu, kanari a kejin kara. Ba wanda ya ce wannan zalunci ne, domin kowace safiya mai ragon yana shiga da dusa da harawa da ruwa, ya share turken, in ya ga dabbar ta yi sanyi ya nemo magani. Wanda ya ɗaure dabba ya hana ta nema wa kanta, saboda haka cinta da shanta sun koma wuyansa. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma ko yaro mai kanari ya san ta.

Addini ma a kan haka ya tsaya. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, laifinta kuwa shi ne ta haɗa tsarewa da hana abinci. Sun kuma ruwaito labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ba a hana shi ba. Malamai irin su Ibnu Hajar sun fitar da hukunci daga nan cewa ajiye tsuntsu ya halatta muddin ana ba shi haƙƙinsa. A wajen Kirista, Littafin Karin Magana, sura 12, ya lissafa kula da ran dabba cikin halayen adali. Dokar Final Kod ta Arewa wadda ta fara aiki a 1960 ita ma ta tanadi horo ga mai azabtar da dabbar gida, har da ta daji wadda aka riga aka kama aka tsare.

To, aibin ƙwallon gilashi shi ne ya raba tsarewa da kulawa. Ko mai shi mutumin kirki ne, ko ya ga dabbar tana ramewa zuciyarsa ta karaya, ba shi da hanyar miƙa mata ko ƙwayar abinci sai ya fasa abin da ya saya da tsada. Abin da ake tallarsa da shi ke nan ma: ba ciyarwa, ba wanki, ba wahala. An sayar wa mutum daɗin mallakar mai rai, an ɗauke masa nauyin, nauyin kuwa bai ɓace ba, kan dabbar ya koma.

GA MAI SHA'AWA

Wannan ba hani ba ne ga sha'awar halittun ruwa. Sha'awa ce mai kyau, kuma a gari irin Mubi mai Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ɗalibai za su ƙaru da ita ƙwarai. Sai dai a bi hanya.

Wanda ya sami jatan landen Hawai ya nema masa akwatin gilashi mai cin lita da dama, da murfin da ake ɗagawa. Ruwansa na zartsi ne, kamar rabin gishirin teku, kuma da gishirin musamman na masu kiwon kifin teku ake haɗa shi, gishirin miya ba ya yi. A zuba duwatsu masu ramuka, a bar akwatin makonni a wuri mai haske wanda rana ba ta bugunsa, har gansakuka ta fito, kana a sa dabbar. Abinci ɗan mitsitsi ya isa, jefi-jefi. In ruwa ya ragu a cika da tsabtataccen ruwa marar gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Kada a haɗa shi da kifi.

Akwai wani jan jatan landen na ruwan daɗi, wanda masu kiwo a Taiwan suka tace launinsa, shi ya fi yawa a shagunan kifin ado na duniya. Shekara 1 zuwa 2 yake yi, yana haihuwa da sauri, amma ba shi da juriyar na Hawai ko kaɗan, rufe shi a kwalba kisa ne kai tsaye. Dukansu biyu ba su shiri da maganin ƙwari. Fesa fiya-fiya ko maganin sauro a ɗakin da suke yana iya ƙare su dare ɗaya. A lokacin bazara a ajiye su a ɗaki mafi sanyi a gidan, wanda kuma ya san ba zai iya ba ya haƙura tun farko.

In an gaji da su kada a zuba a rafi. Abin da ya fi cutar da tafkunan Hawai ke nan: mutane sun saki kifayen ado da karfasa a ciki, suka cinye jatan landen ko suka kore shi cikin ramuka, gansakuka ta rufe ruwan. Ga gine-ginen otal da suka cike wasu, ga aman dutsen Kilauea na 2018 da ya binne na yankin Kapoho. Saboda haka ma ya fi kyau a nemi wanda aka haifa a hannun masu kiwo, a bar na daji a gidansa.

Malamin makarantar da ke son nuna wa yara yadda iska da ruwa da taki ke zagayawa yana iya liƙe kwalba da tsiro kaɗai. Wani mutumin Ingila, David Latimer, ya shuka tsiro cikin ƙatuwar kwalba a 1960, ya ba shi ruwa na ƙarshe a 1972 ya toshe bakin, tsiron ya ci gaba da yaɗo shekaru da dama bayan haka. Darasin ya fita sarai, ba a sa wani mai motsi ya biya da ransa ba. Yaron da ya ɗebo ruwan kududdufi da 'yan halittun ciki kuwa, a bar shi ya kalla kwana biyu bakin kwalbar a buɗe, sa'an nan a raka shi ya mayar inda ya ɗebo.

Wanda kuma aka riga aka kawo masa irin wannan ƙwallo tsaraba, masu kiwo da yawa a ƙasashen waje sun fasa nasu a hankali, sun mai da dabbobin cikin akwati mai faɗi, sun ga launinsu ya komo, wasu har sun ɗauki ƙwai. Asarar gilashi ce kawai.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba su ce a ɗora wa mai haƙuri dutsen a ka don an ga ba ya kuka ba. Duk abin da mutum zai tsare, babba ne kamar bijimin kasuwar Mubi ko ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, ya tabbata ya bar ƙofar da hannunsa zai shiga. Allah ya ba da ikon riƙon amana, amin.